Lauratu da Kashi na Biyu

Duk faɗin Kontagora, daga hanyar Yawuri har hanyar Tegina, babu wanda ya san soyayya kamar Lauratu mai kitso. Ta san yadda take farawa, ta san irin kallon da ake yi kafin a kai ga magana, ta san uban da zai hana tun daga yadda yake gyara zama. Matan aure da 'yan mata sukan kawo mata kawunansu da damuwarsu a zama ɗaya, su tashi an gyara musu aƙalla ɗaya daga ciki. Ni ma shekara goma ke nan ina kai mata kaina duk bayan mako biyu, ban taɓa jin ta yi kuskure a kan farkon wata soyayya ba. Sai dai iyakar saninta ke nan, farkon. Bara ne ta samu labarin cewa abin yana da ƙarshe, kuma labarin bai yi mata rana ba.

A Tudun Wada aka haife ta. Mahaifinta mai sayar da kanwa ne a kasuwa, ya rasu tana aji huɗu na firamare, karatun ya tsaya nan, ƙanwarsa Goggo Delu ta ɗauke ta ta riƙe. A hannun Goggo ta koyi kitso. Tana da shekara ashirin da biyu ta auri Shaba, wani Banufe mutumin Kaboji da ke ɗauko doya a kan babur daga ƙauyukan Mashegu yana fito da ita bakin titi. Ita ta ce tana so, babu wanda ya sa ta. Sun samu 'ya ɗaya, Salihatu, wadda yanzu ke ɗakin mijinta a Zugurma.

Bayan kakar 2014 Shaba ya sayar da babur, ya ce zai bi abokansa wajen haƙar zinare, mako biyu ya dawo. Ya bar mata buhun dawa da rabi, da 'yar ƙaramar waya, da memori a cikinta wanda bai kai farcen yatsa ba. Dawar ta ƙare kafin ruwan farko. Memorin ne ya yi ƙarko.

An ce an gan shi a Mokwa. Wani direban tirela ya rantse ya ci abinci da shi a kudu, da aka nuna masa hoto ya ce wancan ya fi wannan haske. Lambarsa kuwa kullum a kashe. Lauratu ta yi shekara guda tana kira safe da yamma, sannan ta daina, ta kwashe kayanta daga gidan haya ta koma wurin Goggo, ɗakin da tagarsa ke kallon titi. A ƙofar ɗakin take shimfiɗa tabarma ta yi kitso, wayar tana jingine da gwangwanin man kitso tana nuna fim.

Abdulwasiu ke tura mata fina-finan. Shagonsa na kusa da tasha, kwamfuta ɗaya da benci. A Kontagora aka haife shi, ko da yake mahaifinsa daga Ilori ya zo gyaran agogo, kuma ya fi mu saurin Hausa. Ranar da ta fara kai masa memorin ya sa a kwamfuta, ya yi tsaki, ya ce, "Anti, wannan ai ƙarami ne. Biyu zai ɗauka, ko huɗu in an yi dabara."

"Yi dabarar," in ji Lauratu.

Babu mai hankalin da za a ce masa biyu ko huɗu ya ce biyu. Abin da Abdulwasiu bai tsaya bayani ba, don mutane na jira a bayanta, shi ne irin dabarar. Fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa a yanke suke zuwa masa, kashi na ɗaya da kashi na biyu, namu na gida ma haka ake sakinsu. Dabarar ita ce ya zuba mata kashi na ɗaya guda huɗu. Asabar ta zagayo, ta dawo ta ce a sa mata sababbi, ya goge ya sa sababbi. Shi ya ɗauka ta sani, tana ganin sauran a wani wuri. Ita ta ɗauka haka fim yake. A haka aka yi shekara tara, ban da watannin azumi. Na lissafa a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibina, ta kalli farkon soyayya kusan dubu ɗaya da ɗari bakwai.

Wanda ya san fina-finan nan ya san inda ake yanke su. Daidai inda jirgin ƙasa ya tashi da saurayin ne, yarinyar ta biyo da gudu ba ta cim masa ba, ko inda aka kawo wa matar rigar mijinta da aka tsinta a bakin kogi, ko inda uban ya rufe ƙofa ya sa sakata. Kiɗa ya yi sama, fuskar yarinyar ta cika allo, sai duhu. A nan Lauratu takan gyaɗa kai, ta lakato mai, ta ce Indiyawa mutanen gaskiya ne, ba sa yi wa mutum zaƙin baki. Wanda ya tafi ya tafi.

Da wannan ilimin take ba da shawara, kuma abin haushi, shawarar tana ci. Jessica, wata nas a wani asibitin kuɗi, ta taɓa kawo kukan saurayinta da ya tafi Abuja neman aiki ya rage kira. Lauratu ta ce ta ba shi zuwa faɗuwar ruwa, in an yi shuka bai zo ba ta kama gabanta. Jessica ta kama gabanta, ta auri wani malamin makarantarmu, yanzu 'ya'yansu uku. Rabin fim, da alama, ya fi cikakken fim dacewa da garin nan.

Mu masu zama a tabarmar mun sani. Wasu ma sun gwada faɗa mata, su ce ai a ƙarshe ya dawo sun yi aure. Sai ta ce wannan wani fim ne daban, mutumin nan mai gashin baki ai a ko'ina yake, a nan ya yi aure, a can mota ta kaɗe shi. In mace ta nace, sai ta ji kitson ya fara tsauri daga wajen ƙeya. Ba a musu da wadda ta riƙe miki gashi. Ni malamar makaranta ce, aikina gyara kuskure, amma ina fama da ciwon kai tun ina budurwa, na yi shiru.

Game da nata auren, ta daɗe da sanin Shaba ba zai dawo ba, takan faɗa ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Amma igiyarsa tana kanta, cire ta kuwa sai an je gaban alƙali an tsaya cikin maza an nuna ana son wani auren. Lauratu ba ta ga dalilin shan wannan kunyar ba, tunda babu wanda ya tambaya.

Bara kafin babbar sallah 'ya'yan Goggo maza biyu suka zo daga Minna duba jikin tsohuwa. Suka duba ta a tsaye, sannan suka daɗe suna duba ɗakin Lauratu ta waje. Ƙaramin ya auna bangon da taku. Suka ce in aka fasa tagar aka sa ƙofar ƙarfe, shago biyu zai fita. Don ladabi ba su ce yaushe ba, amma Goggo ta haura tamanin, ta fahimci lokacin da ake nufi.

A cikin wannan makon Mailafiya ya zo. Shi ne mai injin markaɗe a bakin lungunsu, sunansa na yanka ya ɓace tun yana yaro don bai taɓa faɗa da kowa ba. Ya ba hamsin baya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun kama gabansu. Yana da gida nasa na kansa, ɗaki biyu da rijiya da bishiyar mangwaro. Shekara talatin na ƙarar inji sun cinye masa kunnen dama da rabin na hagu, saboda haka duk abin da aka faɗa masa yakan yi murmushi ya gyaɗa kai. Bai taɓa kallon fim ba. Ya ce mutane ne ke motsa baki, kuma wannan yana ganinsa duk rana a bakin inji.

Ya sa farar riga ya zo gaishe da Goggo da la'asar. Da gaisuwar ta ƙare ya sake ta daga farko, sannan ya ce in kotu ta raba auren Lauratu, yana ciki. Bai ƙara komai ba, don limamin unguwa ya riga ya ja masa kunne cewa ba a neman aure a kan aure, ko ƙofar ɗakinta kada ya kalla.

"Ke Laure," in ji Goggo bayan ya tafi, "ni ba daɗewa zan yi ba, kin kuwa ga yaran nan da takunsu. Mutumin nan ba ya ji, amma rijiyarsa ba ta ƙafewa."

Kwana ɗaya Lauratu ta yi tana tunani. Bayan sallah suka shigar da ƙara. Alƙali ya aika wa dangin Shaba sammaci, yayansa Ɗanjuma ya zo daga Kaboji, ya rantse shekara goma rabonsu da jin ɗuriyarsa, ya ƙara da cewa su a can tuni sun yi masa addu'a sun raba gonarsa. Alƙali ya ba da wata uku a ƙara cigiya, ya sa ranar dawowa, wata Litinin a watan Mauludi. Magatakarda ya gaya wa Goggo ranar ba za a ɗauki minti goma ba. Abin da ake buƙata kawai Lauratu ta zo ta ce tana nan kan bakanta.

A watan farko ta kai wa tela ɗinkin labule. Ta fara koyon magana da ƙarfi, har masu kitso suna zabura. Sau ɗaya ta tambaye ni ko mangwaron gidan nan yana 'ya'ya kuwa. A tarihin soyayyar Lauratu da Mailafiya wannan ce magana mafi zafi da aka yi, kuma ba a gabansa aka yi ta ba.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Duk da gargaɗin liman, Mailafiya ya lura gilashin wayarta ya tsage, tana ƙanƙance ido in tana kallo. Ya sayo babbar waya mai faɗin tafin hannu, mai cikin da zai haɗiye memorinta sau sittin. Tunda ba shi da ikon yi mata toshi, Goggo ya saya wa, Goggon da ba ta bambance akuya da buta daga taku biyar. Kafin ya kai, ya biya ta shagon Abdulwasiu ya ce a cika ta da irin abin da Maman Salihatu take so.

Abdulwasiu ya ga fili. Daga baya ya gaya mini abin ya daɗe yana damunsa. Ya ce wa Mailafiya, Baba, matar nan fa shekara da shekaru farko kawai take karɓa, bari in zuba mata ƙarshen waɗanda na tuna, ta huta. Mailafiya ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Kashi na biyu ɗari da arba'in aka zuba.

Ni ce a tabarma ranar da ta fara kunna ta. Ana yayyafi, mun matsa cikin rumfa, ta raba mini gashi gida huɗu ta gama ɗaya. Fim ya fara babu sunaye babu waƙa, sai ga wata yarinya da rawayen mayafi tsaye a tashar jirgin ƙasa tana haki. Na ji kibiyar tsaga ta tsaya a tsakiyar kaina.

"Malama, wannan ba ita ce aka bari a tasha ba?"

Na ce ita ce.

"Shekara shida ke nan da na bar ta a nan. Me take yi har yanzu?"

Na ce ci gaban ne, kowane fim yana da shi.

Ta mayar da ido kan wayar. Muka kalla tare awa ɗaya da rabi, ni a karkace, kibiya a soke cikin gashina. Ashe saurayin bai gudu ba. Jirgin ne ya yi hatsari, ya bugu a ka, ya manta sunansa, wasu makiyaya suka riƙe shi a kan dutse. Muryar mai fassara ta ce, bayan shekara ashirin. Ya sake buguwa a ka, ya tuna komai, ya sauko da gemu, ya iso daidai ana shirin aurar da ita ga wani.

Da ya ƙare ta ce, "Kin sani?"

Na ce na sani.

"Duk shekarun nan?"

Na ce ina da ciwon kai. Ta ƙarasa mini kitson. Na kwana uku ban iya ɗaga gira ba.

Mako uku ta yi tana bin mutanenta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta buƙaci farkon ba, duk suna kanta, da ta ga fuska sai ta ce wannan ce aka kawo wa riga daga bakin kogi. Da fari fushi ta yi, irin na wanda aka ci amanarsa. Ta ce ashe su ma maƙaryata ne, ta kife wayar a kan tabarma, kafin ta gama kitso ɗaya ta sake ɗaga ta. Sai fushin ya koma kuka. Mata suka riƙa tashi da ƙeya a jiƙe, da tsaga a karkace kamar hanyar Mashegu da damina. Daga kuka ta wuce zuwa abin da ya fi muni, wato nazari.

Abin da ta gano shi ne kowannensu yana da uzuri. Mai rigar bakin kogi masunta ne suka tsamo shi, ya yi doguwar jinya. Wani ya rubuto wasiƙa ɗari uku, kawun yarinyar yana ɓoyewa a cikin tukunyar shinkafa. Wani cuta ce ta kama shi, ya ɓuya don kada ta gan shi a rame. Babu ko ɗaya da ya tafi don ya gaji, ko don ya samu wata a Mokwa, ko don rami ya rufta da shi ba a sanar da kowa ba. Ta fara gwada wa Shaba uzurorin nan ɗaya-ɗaya kamar kayan sallah. Na bugun kai ya fi zama masa, tunda ramin zinare ba ya rasa dutse. Na wasiƙa ma ta ajiye shi a gefe, duk da Goggo ta tuna mata cewa Shaba ko sa hannu da dangwalen yatsa yake yi.

Har gafarar Jessica ta nema, ta ce mai yiwuwa ta raba ta da rabonta, wa ya sani ko mutumin Abuja ya dawo bai same ta ba. Jessica ta ce ya dawo mana, ta gan shi a kasuwa da Kirsimeti yana riƙe wa matarsa jaka. Lauratu ta ce to ai don bai tarar da ita tana jira ba ne. Jessica ta buɗe baki, ta tuna inda gashinta yake, ta rufe.

Babbar ɓarnar dai wani mutum ne ya yi ta, wanda ba ya fitowa a kashi na ɗaya, shi ya sa Lauratu ba ta taɓa saninsa ba. Mutumin kirki ne, mai haƙuri, yawanci da tabarau. Shi ke gyara wa matar rufin ɗaki, ya kai uwarta asibiti, bai taɓa ɗaga murya ba. Bayan shekaru matar takan amince ta aure shi. Ranar biki an taru, an ci an sha, sai mai gemu ya bayyana a ƙofa. Mutumin kirkin nan ya dubi wannan ya dubi wancan, ya cire furannin da aka rataya masa a wuya, ya kama hannun amarya da kansa ya sa a hannun mai gemu, ya yi murmushi, ya fita ta ƙofar baya. Fim bai taɓa bin sa ya ga inda ya nufa ba. Lauratu ta ga mutumin nan sau goma sha tara. Mailafiya yana sa tabarau in zai ɗaure bel ɗin inji.

Da Goggo ta ga inda aka dosa, ta aike ni wurin Abdulwasiu in ce masa tunda shi ya ɓata sai ya gyara, ya nemo fim ɗin da mutumin bai dawo ba. Ya kwana biyu yana bincike, ya samo guda biyu. A ɗayan mutumin ya mutu da gaske, amma aka sake haifarsa a wani gari, ya girma, ya dawo. Lauratu ta yi a'uziyya ta ce wannan ba na Musulmi ba ne, sai dai ta lura ko mutuwa ba ta hana shi ba. A ɗayan kuwa bai dawo ba sam. Matar ta zauna a ƙofar gida har kanta ya yi fari, garin duka suna girmama ta, da ta rasu aka sa wa makaranta sunanta. Wannan sau uku ta kalle shi.

Saura kwana huɗu a koma kotu, ranar Alhamis da hantsi, ta zuba wake a roba ta tafi markaɗe da kanta. Ina wurin da tattasaina, da wasu mata biyu. Ta jira ya juye waken, ta matso ɓangaren kunnensa na hagu ta yi magana. Ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Ta sake. Ya dubi fuskarta, sai ya kashe injin, abin da ba ya yi da rana sai don salla.

"Malam, ba zan je kotu ba."

Ya tambaya ko ba ta jin daɗi ne, a roƙi alƙali ya ɗaga ranar. Ta ce lafiyarta ƙalau. Koyon magana da ƙarfin da ta yi saboda shi bai tafi a banza ba, don har mai shayin tsallaken titi ya ji sauran.

"Kai mutumin kirki ne. Na ga abin da ake yi wa irinku. Ba zan bari a tara jama'a, ka yanka rago, ka sa sabuwar riga, sannan Baban Salihatu ya shigo ka kama hannuna ka ba shi ba. Ba ka cancanci wannan ba."

Mailafiya ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "An ji labarinsa ne?"

"Ba a ji ba."

"To wa ya ce zai zo?"

"Ranar biki suke zuwa."

Ya dubi waken da ke bakin injin. Sannan mutumin da bai taɓa kallon fim ba ya ce, "To in ba a yi bikin ba fa?"

Lauratu ta ce a ƙarasa mata waken, Goggo na jira. Ya tada injin.

Ranar Litinin Goggo ta sa aka ɗauke ta a keke mai ƙafa uku ta je ita kaɗai. Ɗanjuma ma ya zo daga Kaboji cikin ruwa. Aka kira sunan Lauratu sau uku, alƙali ya ce ba zai raba auren da mai shi ba ta kuka da shi ba, ya kori ƙarar. Magatakarda ya yi gaskiya, ba a ɗauki minti goma ba.

Mailafiya ya jira har aka yi girbi, ko za ta sake tunani. Ta aika masa da wayar, ya mayar, ya ce ai ta Goggo ce. Bayan ƙaramar sallah ya auri wata bazawara daga Mashegu, Lailatu, mace mai murya. Lauratu ce ta yi wa amarya kitso, ƙanana, tun safe har la'asar, ban taɓa ganin ta yi mai kyansa ba. Ranar ɗaurin auren ta leƙa titi sau da yawa. Na tambaye ta me take dubawa, tunda ba bikinta ba ne. Ta ce iska take sha.

Goggo na kwance tun farkon daminar bana. 'Ya'yanta sun sauke bulo da yashi a gindin tagar Lauratu, sun ce araha suka samu. A kan bulon take jingine wayar yanzu, ya fi gwangwani tsayi. Kasuwarta ba ta ragu ba, ta ma ƙaru, don 'yan mata sun fi son sabuwar shawarar, wato a jira, yana da uzuri. Na san uku da ke jira a halin yanzu. Ɗaya saurayinta ya sa hoton ɗaurin aurensa a waya daga Kaduna, Lauratu ta ce a bincika ko ya bugu a ka.

Cikakken fim take kallo yanzu, kuma wurin da ta fi so shi ne inda mai fassara yake cewa bayan shekara ashirin. Takan maimaita tare da shi. Ta ce ta ci goma sha ɗaya, saura tara. Na taɓa aunawa da agogon hannuna, daga inda allo ya yi duhu zuwa inda matar ta sake bayyana da furfura zare biyu a goshi, daƙiƙa huɗu ne. Ban gaya mata ba, kaina yana hannunta.

Ba ta kiran lambarsa. Ta ce ba a kira, shigowa suke yi. Amma ta ƙi canza nata layin, ba ta barin caji ya ƙare, in an ɗauke wuta takan kai wayar shagon Abdulwasiu ta zauna a benci har ta cika. Makon jiya Goggo ta miƙo mini wata takarda in duba mata ko ta asibiti ce. Ta kotu ce, da lambar Shaba a jiki, na kwafa. Ranar Talata da aka fita hutun tara a makaranta na gwada. Tana shiga. Wani Meshach ne ya ɗauka, mai sayar da tayal na daɓen ɗaki a garin Aba can kudu, ya ce shekara bakwai ke nan da ya sayi layin.